Mun Tafa wa Korarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu saurare na Damagaram. Ni ce Zuwaira mai kayan miya, kuma raina a ɓace yake.

Makon jiya aka kira mu matan da ke kasa kaya bakin tasha zuwa zaman majalisar komin ɗinmu, wato ƙaramar hukuma, wai maganar wurin sana'armu za a yi. Muka je, aka zaunar da mu can baya.

Tun daga farko har ƙarshe da Faransanci kansiloli suka yi ta magana, alhali da Hausa suka zo ƙofata neman ƙuri'a. Malam Isuhu, ma'aikacin komin mai kula da kasuwa, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari in fassara wa iyayen nan." Shugaban zaman ya ce, "Zauna, ma'aikaci ba ya magana sai an tambaye shi."

Can suka ɗaga hannuwa aka yi tafi, mu ma muka tafa don kada a ce ba mu da ladabi. A bakin ƙofa Malam Isuhu ya ce mini, "Inna, an yanke a tashe ku daga bakin tasha." Ashe korarmu muka tafa wa.

A tambaya mana masana: hukuncin da aka yanke da harshen da ba mu ji, dole ne mu bi shi? Ina gaida ƙawata Rabi mai tattasai, wadda har guɗa ta yi a wurin tafin, yanzu kunya ta hana ta fitowa. Rabi, fito kasuwa, ba ke ce da kunya ba.