Harsashin Dawa

A tashar Daura ne, muna jiran motar Baure ta cika. Wani dattijo na zaune a benci da leda cike da kwanson harsashi, wani magidanci mai jar hula kuma na tsaye a gefensa.

"Baba, wannan tarkacen fa? Sayarwa za ka yi?"

"Cikawa zan yi. Harsashi ya yi tsada, wata rana ma ka nema ka rasa. Sai na koma ɗura abina da kaina. Zauna mana, ga wuri."

"Na gode, na fi jin daɗin tsayuwa. Yana tashi kuwa?"

"Cikin biyar, uku na tashi."

"Sauran biyun fa?"

"Su suka tafi da girata."

"To me kake harbi? Zomo?"

"Ɓarawon zabi. Goma sha biyu gare ni, yanzu saura huɗu. Shekaranjiya na ritsa shi yana tsallaka danga, na sakar masa a mazaunai. Fuskar ce kawai ban gani ba."

"Subhanallahi! Ai sai ka yi kisa."

"Ina! Dalma ma ta fi ƙarfin aljihuna. Dawa nake zubawa, tsabarta zalla. Ɗan raɗaɗi ne kawai."

"Zalla? Haba Baba, ka ji tsoron Allah! Har da tsakuwa a ciki. Guda bakwai mai kemis ya ciro!"

Dattijon ya ɗaure bakin ledarsa a hankali, sannan ya ɗago kai.

"To, uwargida ce ba ta rege dawar ba, ka yi haƙuri. Zabina takwas fa, suna nan lafiya?"