Motar da ke kan duwatsu

A bencin shagon kayan mota, wata mata tana jira a nemo mata gaskit mai hana inji yoyon mai, tsohon gaskit ɗin yana hannunta. Dattijon direban da ke gefenta ya leƙo.

"'Yar nan, wannan ai na motar zamaninmu ne. Tana tafiya kuwa?"

"Ina fa, Baba. A kan duwatsu take. Ta mahaifina ce. Tun da mantuwa ta kama shi, kullum da safe sai ya shiga ya riƙe sitiyari, ya yi tafiyarsa, sannan ya ci abinci. Yanzu tana yoyon baƙin mai. Ya ce ba ya fita da mota mai ciwo, abincin ma ya ƙi."

"To ku tsiyaye man mana, yoyo ya ƙare."

"Mun gwada. Ya zaro gejin awon mai ya gan shi a bushe, ya yi mana tas."

Dattijon ya yi dariya. "Ina yake zuwa?"

Ta shafa gaskit ɗin a hankali. "Ɗauko mahaifiyata daga makarantar da take koyarwa. Ta daɗe da rasuwa."

"Allah ya jiƙanta." Ya juya wajen mai shago. "Ɗan nan, nemo mata mai kyau, ban da jabu. Hanyar da nisa."