Kuɗin Injin Ban Ruwana Sun Tsaya a Bakin Gada

Salamu alaikum, ɗana mai gabatarwa. Kai da masu sauraro ku canka mini: wace asara ce mai ita ke yi wa hamdala?

Ni ce Inna Hajo daga Gwandu. Jikana Nasiru na Kalgo, angon nawa, ya sayar mini da albasa, aka biya shi da kirifto, wato kuɗin intanet. Injin ban ruwa zan saya. Sai ya ce dole a ƙetarar da kuɗin daga wata hanyar kirifto zuwa wata, ta wani shafi wai shi gada.

Na ce, "Ango, tura mana, ko sai na tsufa?"

Ya ce, "Amarya, ai kin gama." Ya zuba 'yan kaɗan a wani asusu daban, ya tura. Shiru kake ji, kuɗin ba su ƙetare ba. Ashe shafin na ɓarayi ne, sun kwaikwayi na gaskiya. Sai ga angona yana hamdala!

Yanzu gonata na jiran ruwa. Ku tambayo mana masana: yaya ake gane gadar ƙwarai? In ɓarawo ya bar 'yan kaɗan suka wuce, ya tsare masu yawan fa?

Amsar dai, asarar kuɗin gwaji ce, wadda ta tsirar da sauran.