Tudun Pienza da Matar da Ta Ƙi Shiga Mota

A kasuwar garin Pienza, can saman tudu, gaban rumfar wata mai sayar da cukun tumaki, wani dattijo sanye da rigar masu keke ya zauna yana kallon hanya.

"Bawan Allah, abokan tafiyarka sun cinye taliyarsu tuni," in ji matar. "Wa kake jira?"

"Matata, Ornella. Ga ta can ƙasa a kan keke, mai jar hula."

"Ita kaɗai a tudun nan? Ai ko jikana tura kekensa yake yi! Ba ku da motar da ke kwasar gajiyayyu?"

"Akwai. Ta ƙi shiga. Bara iwar haka tana kwance, an sauya mata ƙugu. Likita ya ce ta gode Allah idan ta taka da sanda."

"Kai! Shekarunta nawa?"

"Saba'in da ɗaya. Dubi yadda take murzawa, ko waiwaye babu."

"To, kai yaya aka yi ka riga ta, ko gumi ba ka yi?"

Dattijon ya sosa ƙeya.

"Wani ya kamata ya zo ya kama mata kujera."

"A motar ka zo kenan!" Ta yanko cuku mai kauri tana dariya. "Wannan nata ne. Kai kuma tashi ka tarbe ta, da ƙafa."