Tarihin da Yayana Ya Hana a Karanta

Salama gare ka mai gabatarwa, da dukan masu sauraro. Daga unguwar Roumdé Adjia nake rubuto maka.

Ni ne mai rubuta tarihin mamaci da ake karantawa wajen jana'iza a majami'armu. Na daɗe ina wannan aiki, kuma ban taɓa binne mai zunubi ba; a takardata kowa waliyyi ne.

Makon jiya yayana, dattijon ikilisiya, yana kwance a asibiti, ya ce in rubuta nasa tun yana da rai. Na karanta masa: bai taɓa shan giya ba, bai taɓa fashin sujada ba. Ya ce, "Ka manta simintin da na kawo daga garin Figil don ginin majami'a." Na ƙara. Sai ya riƙe hannuna, ya ce, "Ƙanena, wannan zai ishi Allah?"

Na rasa ƙaryar da zan yi. Na ce, "Yaya, ba zai isa ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ba shi da ko layi ɗaya, amma an karɓe shi. Ceto kyauta ne."

Ya daɗe yana hawaye, sannan ya ce, "Yaga takardar. Ka faɗa musu alherin Allah ne ya cece ni." Bayan kwana biyu ya rasu, hankalinsa kwance.

Ranar Asabar za a yi jana'iza. Matarsa ta ce idan ban lissafo ayyukansa ba, na wulaƙanta mijinta a gaban jama'a. 'Yan'uwa, ku ba ni shawara: in faranta wa mai rai, ko in cika wasiyyar mamaci?