Ɗiyan Zabin da Suka Ƙi Mantuwa

A tashar Tsafe, wata tsohuwa ta leƙa kwalin 'yan tsakin da Juwairiyya ta rungume.

"Na sayarwa ne, ɗiyata?"

"Na bincike ne, Inna. Allura muke yi musu, mu ga ko za su tuna abin da suka koya. An sha yi mini dariya, ban fasa ba."

"To, taimake ni. Kazar da na sa wa ƙwan zabi muzuru ya kashe ta. Ɗiyan sun ƙi bin wata, sai ramewa suke. Ko allurar nan za ta sa su manta da ita?"

"Sabon abu kawai allurar ke hana zama. Uwar da ta riga ta shiga kai ba ta fita."

"Duk bokon nan, likitar kaji ba ta da maganin maraici?"

"Da akwai shi, Inna, da ni na fara sha."