Hular da Kare Zai Shinshina

A bencin jiran mota a ƙofar asibiti, wani matashi yana ta jujjuya 'yar hular jarirai, wata dattijuwa tana kallonsa.

"Ɗana, an sauka ne?"

"An sauka lafiya, Mama! Mace ce! Gida zan kai hular nan karenmu ya shinshina."

"Kare kuma?"

"Don ya san ƙamshinta kafin ta iso. Ai na daɗe ina shirya shi. Ina kunna masa kukan jarirai a waya, in naɗe 'yar tsana a zani in yi ta zagaya falo. Da tsalle yake daka mini, yanzu kuwa ina cewa zauna, ya zauna!"

"Kai, barka! 'Yar lukuta ce?"

"Uwarta ta ce da nauyinta."

"Uwarta ta ce? Kai ba ka ɗauke ta ba?"

Ya sassauta murya. "Mama, 'yar tsanar nan ta taɓa suɓuce mini."

Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Kare ya gama nasa karatun, saura kai. Koma ciki, ka sami kujera ka zauna, a miƙo maka 'yarka. Shi zai iya jira."